Yadda Za a Hana Gansakuka Ɓata Ruwan Saman da Aka Tara Domin Lambu a Tudun Fulani

Gabatarwa

Unguwar Tudun Fulani tana cikin Ƙaramar Hukumar Bosso, a gefen garin Minna ta hanyar da ta nufi Maikunkele da Zungeru. Kamar sauran yankin Minna, damina kan sauka a nan cikin watan Afrilu ta ɗauke cikin Oktoba, kuma ruwan da ake samu a shekara yakan kai kimanin milimita 1,200, mafi yawansa a watannin Agusta da Satumba. Daga nan sai rani na wata biyar. Ƙasar yankin a kan dutse take zaune, shi ya sa rijiyoyi da dama kan ja baya a Fabrairu da Maris, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Mai lambun bayan gida ya san cewa idan da ruwan 'yan garuwa zai riƙa ban-ruwa, to kuɗin alayyafon ba zai biya kuɗin ruwan ba.

Wannan ne dalilin da ya sa tara ruwan indararo yake da muhimmanci. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufin kwano lita ɗaya ke nan. Gida mai rufin murabba'in mita 100 yana zubar da lita 120,000 a shekara, kuma ko an cire kashi ɗaya cikin biyar saboda fantsama da yoyo, saura lita 96,000. Fangalin kayan miya mai murabba'in mita 10 kuwa yana buƙatar kimanin lita 60 a kowace rana da rani, wato tanki mai lita 2,000 zai riƙe shi sama da wata guda.

Sai dai kuma akwai koken da malaman gona kan ji daga masu tara ruwa: bayan 'yan makonni ruwan ya koma kore, bangon tanki ya yi santsi, wani lokaci har da wari. Abin da yawanci ke biyo baya shi ne neman maganin da za a zuba. A nan ne asara take shigowa, domin galibin abubuwan da ke kashe gansakuka suna iya kashe tumatir da alayyafo, tun da dukkansu tsirrai ne masu rayuwa da hasken rana.

Abin da gansakuka ke rayuwa da shi

Gansakuka ƙananan tsirrai ne da ba su da saiwa ko ganye. Irinta yana yawo cikin iska da ƙura, saboda haka babu yadda za a hana shi faɗawa cikin ruwa. Abin da za a iya hanawa shi ne yaɗuwarta, kuma ba ta yaɗuwa sai ta sami hasken rana da abinci. Ɗumi yana ƙara mata sauri, amma ɗumi a Minna ba abin da manomi zai iya kawarwa ba ne. Abincinta kuwa shi ne abincin shuka, wato naitirojin da fosfaras, sinadaran da ake saye da tsada a buhun takin zamani.

Ruwan sama kansa ba shi da wani abinci mai yawa. Daga kan rufi yake kwaso shi: kashin tantabaru da na ƙadangare da na jemage, busassun ganyen mangwaro da darbejiya da suka maƙale a indararo, da kuma ƙurar hunturu da ta kwanta a kan kwano tun daga Nuwamba har Fabrairu. Ita wannan ƙura tana da labari mai ban mamaki. Mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, wurin da a zamanin da yake ƙarƙashin babban Tafkin Cadi, kuma ƙasar wurin ragowar gawawwakin wata irin gansakuka ce da ta mutu shekaru dubbai da suka wuce. Tana ɗauke da fosfaras, har iska kan tsallakar da ita Tekun Atilantika ta zama taki ga dajin Amazon. Abin da ya isa ya ciyar da daji kuwa ba zai kasa ciyar da gansakukar tanki ba.

Shin tana cutar da shuka?

Ya kamata malamin gona ya fara kwantar wa manomi hankali. Koriyar gansakuka da aka saba gani, mai zare-zare kamar gashi ko mai manne wa bango, ba ta cutar da kayan lambu. Idan ta faɗa fangali sai ta bushe ta zama taki. Illarta ta aiki ce: tana toshe bakin butar ban-ruwa da tiyo da ƙananan ramukan bututun ban-ruwa na ɗigo, tana yin ɓawo a saman ƙasar wurin renon iri har ƙananan tsirrai su kasa fitowa, idan kuma ta mutu da yawa a lokaci guda sai ta ruɓe, ruwan ya yi baƙi ya yi wari.

Akwai wata iri dabam da ta kamata a ji tsoro, wadda masana ke kira sayanobakteriya, ko gansakuka mai shuɗi-shuɗi. Ita ba tsiro ba ce sosai, dangin bakteriya ce mai amfani da hasken rana. Wasu daga cikin danginta suna da amfani, kamar waɗanda ke ƙara naitirojin a fadamun shinkafa, amma wasu suna fitar da dafi mai lalata hanta, wanda ake kira maikurosistin. Tun a shekarar 1878 aka rubuta labarin mutuwar tumaki da shanu da dawakai bayan sun sha ruwan tafkin Alekzandirina a ƙasar Ostireliya, kuma a shekarar 2020 hukumomin Botsuwana sun danganta mutuwar giwaye fiye da 300 da dafin irin wannan gansakuka. A shekarar 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dafin a ruwan sha, maikurogiram 1 a lita, wato kashi ɗaya cikin dubu na miligiram. Tafasa ruwa ba ta kashe wannan dafi, kuma bincike ya nuna yana iya maƙalewa a ganyen latas da aka yi wa ban-ruwa da shi. Ga unguwa irin Tudun Fulani, inda gida ɗaya kan haɗa lambu da tumaki da awaki, kuma duro ɗaya ne ke shayar da duka, wannan ba abin wasa ba ne.

Ba safai ake samun ta a rufaffen tanki ba. Ta fi son buɗaɗɗen wuri mai ɗumi wanda taki ko kashin dabbobi ke shiga. Akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, a tsoma sanda a ɗago: idan ta fito da zare-zare yana reto, koriyar gansakuka ce, idan ta fito kamar an tsoma ta a fenti, a yi hattara. Na biyu, a cika farar kwalba da ruwan, a ajiye ta a wuri mai sanyi ba tare da an girgiza ba har gari ya waye. Idan koren ya kwanta a ƙasa, da sauƙi. Idan ya taru a sama ya yi zobe, to alama ce ta mai dafi. Waɗannan gwaje-gwaje alama kawai suke bayarwa, ɗakin bincike ne ke tabbatarwa, amma sun isa su sa a hana dabbobi shan ruwan, a hana yara wasa da shi, a kuma daina zuba shi a kan ganyen da ake ci ɗanye.

Hana ta haske

Idan abu ɗaya kaɗai manomi zai iya yi, to wannan ne. Gansakuka ba ta rayuwa a duhu. Shi ya sa rijiyar siminti da aka gina cikin ƙasa aka rufe bakinta takan riƙe ruwa watanni ba tare da ya yi kore ba, alhali farin tankin roba mai kejin ƙarfe, irin mai lita 1,000 da ake sayarwa bayan an juye kayan masana'anta, yakan yi kore cikin makonni kaɗan. Shuɗin duro da jarka mai ruwan ɗorawa su ma suna barin haske ya ratsa, ko da ido bai gani daga waje ba. Baƙin tanki irin su GeePee yana tare haske, muddin murfinsa yana nan. Sau da yawa matsalar baƙin tanki daga murfi take: iska ta ɗauke shi, ko an cire domin a sa bututun indararo ba a mayar ba.

Kafin a zuba ruwa, a gwada. Da tsakar rana a leƙa cikin tankin ta bakinsa, a lulluɓe kai da bargo domin kada haske ya shiga ta sama. Duk inda aka ga bango yana haske, gansakuka za ta kama a nan. Maganinsa fenti a bayan tanki, ba a ciki ba. A fara shafa baƙi sau biyu, idan ya bushe a bi shi da fari. Baƙin ne ke tare haske, farin kuma yana mayar da zafin rana domin kada ruwan ya yi zafin da zai ƙona saiwar dashe. Wanda ba shi da kuɗin fenti sai ya naɗe tankin da baƙar leda mai kauri, ya kewaye shi da zana, ko ya yi masa rumfa. Tiyo mai haske shi ma a musanya shi da baƙi.

Murfin ya zauna daram, kuma duk wata kafa ta shigar ruwa ko ta fitar rara a ɗaure ta da ragar sauro. Wannan aiki biyu yake yi. Sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi a cikin ma'ajin ruwa na gida yake hayayyafa, kuma a shekarar 2020 an gano wani sauron cizon maleriya ɗan asalin Asiya a Jihar Gombe, wanda shi ma tankuna da durarrukan cikin gari ya fi so. Wanda ya rufe tankinsa ba shi da dalilin zuba kananzir ko baƙin mai domin kashe tsutsar sauro, al'adar da ke ƙona ganye ta kuma ɓata ƙasa.

Hana ta abinci

Cikin watan Maris, kafin ruwan farko, a share rufi da indararo, a sare rassan da suka yi inuwa a kansa. Ruwan farko da na biyu na damina kada a bari su shiga tanki ko kaɗan, domin su ne ke wanke dattin wata biyar. Ba asara ba ce, a karkata su zuwa gindin itatuwa. Bayan haka, duk lokacin da aka yi kwanaki ba ruwa, a zubar da farkon abin da ya sauko, kimanin lita ɗaya ga kowane murabba'in mita na rufi. Akwai na'urar da ake haɗawa da bututun roba mai faɗin inci 4 domin wannan aiki, amma a lura cewa mita ɗaya na irin wannan bututu lita 8 kawai yake ɗauka. Ga rufin murabba'in mita 50 sai an sami bututu mai tsawon mita 6. Ya fi sauƙi a sa duro a gaba, ruwan ya fara cika shi sannan rara ta wuce tanki, a riƙa juye duron bayan kowane ruwa. A bakin tanki kuma a sa raga ko rariya ta tare ganye.

Kuskuren da ya fi yawa a wurin masu lambu shi ne narka taki a cikin ma'ajin ruwa, ko NPK ko yuriya, ko jiƙa buhun kashin kaji a duro domin a huta da aiki. Wanda ya yi haka gansakuka ya yi wa taki. A narka taki a butar ban-ruwa ko a bokiti na dabam, a zuba shi a ranar. Bokitin da ake ɗibar ruwa da shi kada ya zama wanda ake ajiyewa a turken dabbobi. Mafi kyau a sa famfo a jikin tanki, santimita 10 zuwa 15 daga ƙasansa, domin lakar da ta kwanta ta zauna inda take.

Magungunan da ake zubawa

Mafi shahara shi ne shuɗin gishirin jan ƙarfe, wato kofa salfet. Yana kashe gansakuka ba shakka, amma a ganinmu bai dace da tankin lambu ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, a jagorarta ta ingancin ruwan ban-ruwa ta shekarar 1985, ta sa iyakar jan ƙarfe a miligiram 0.2 cikin lita. Kashi ɗaya cikin huɗu na wannan gishiri jan ƙarfe ne. Saboda haka giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, a duro mai lita 200 ya ninka iyakar sau 30, a tanki mai lita 1,000 kuma sau 6. Jan ƙarfe ba ya tashi cikin iska, ba ya ruɓewa. Taruwa yake yi a ƙasa shekara bayan shekara, yana hana saiwa miƙewa. Yana cin tankin kwano, yana kashe kifi, kuma tumaki sun fi sauran dabbobin gida kasa jure shi: yakan taru a hantarsu a hankali, wata rana su faɗi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Gishirin miya ba ya kashe gansakuka sai an zuba mai yawa, alhali giram 100 a duro mai lita 200 ya riga ya wuce miligiram 450 a lita, inda jagorar FAO ta ce matsalar gishiri kan fara ga amfanin gona. Albasa da karas su ne kan gaba wajen wahala. Kanwa tana ɗaure ƙasa ta hana ruwa shiga, toka kuwa fosfaras take ƙara wa ruwan. Maganin kashe ciyawa ba a ma kawo zancensa: abin da ya kashe koren tanki zai kashe koren fangali. Haka nan duron da aka taɓa zuba irin wannan magani ba a tara ruwan lambu a ciki.

Alif, wanda wasu ke ce wa alam, da garin ƙwayar zogale ba kashewa suke yi ba, kwantar da datti da gansakuka suke yi zuwa ƙasa. Zogale, wanda matan ƙauyukan Sudan suka daɗe suna tace ruwan Nilu da shi, ya fi dacewa da lambu. Ana daka ƙwaya ɗaya ga kowace lita ɗaya zuwa biyu, a dama, a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama. Aikin bokiti ne ba na tanki ba, kuma a yi amfani da ruwan a ranar, domin garin kan ruɓe. Lakar alif kada a zuba ta a fangali.

Saura bilic, irin su Hypo da Jik. Shi ne kaɗai muke ganin za a iya amfani da shi idan ya zama dole, saboda kulorin ɗin da ke ciki yana tashi da kansa. FAO ta bayyana cewa kulorin da bai kai miligiram 1 a lita ba ba ya cutar da ganye, amma idan ya wuce miligiram 5 yana iya ƙona shi ƙwarai. A duba jikin kwalba ko leda. Idan ƙarfinsa kashi 3.5 cikin ɗari ne, mililita 60, wato babban cokali huɗu, ya isa lita 1,000. Duro mai lita 200 kuwa bai kai cokali ɗaya ba. A zaɓi wanda ba a sa wa turare ko sabulu ba, a dama da yamma, a buɗe murfi a bar raga kawai, a jira kwana ɗaya ko biyu har warin ya tafi. Daga nan a gwada a kan shuka biyu ko uku, a zuba a gindi ba a kan ganye ba, a ga abin da kwana biyu za su nuna. Wurin renon iri kada a kai masa wannan ruwa. Kuma a sani cewa idan ba a toshe haske ba, koren zai dawo cikin makonni.

Akwai wani gargaɗi da ya kamata malaman gona su riƙe. Idan gwajin kwalba ya nuna alamar mai dafi, kada a zuba kowane magani. Dafin yana cikin jikinta ne, idan aka kashe ta sai ta fashe ya bazu cikin ruwa, ruwan ya yi garau a ido alhali ya fi da haɗari. Irin wannan ruwa a juye shi a rami nesa da rijiya da dabbobi.

Idan ta riga ta kama

Ruwan da koriyar gansakuka ta kama ba a zubar da shi. A tace da buhu ko tsumma mai kauri a bakin famfo, a ci gaba da ban-ruwa. Sannan a rufe tankin ruf yadda aka bayyana. Cikin mako biyu ko uku za ta mutu ta kwanta. Idan tana da yawa, a fara kwashe abin da za a iya da rariya domin kada ta ruɓe a ciki, a kai ta ramin takin gargajiya.

Wanke tanki sau ɗaya a shekara ya isa, a ƙarshen Maris lokacin da ruwan ya ƙare. A fitar da laka, a goge bango da burushi mai dogon hannu da ruwan da aka zuba wa kofi ɗaya na bilic a bokiti mai lita 20, a ɗauraye sau biyu. Wannan ruwan wanki ya fi ƙarfin shuka nesa ba kusa ba, a zubar da shi a kan tsakuwa ko hanya. Kada a sa yaro ya shiga ciki, domin warin kulorin a rufaffen wuri yana shaƙe numfashi, kuma kada a haɗa bilic da takin yuriya ko ruwan wanke masai. Ɗan santsin da ke bangon tankin da ke cikin duhu ba gansakuka ba ce, ba sai an riƙa kankare shi kowane wata ba.

Masu haƙa rami su shimfiɗa leda domin tara ruwa mai yawa aikinsu ya fi wuya, tun da ba za a iya hana haske gaba ɗaya ba. A haƙa shi da zurfi maimakon faɗi, a yi masa ganuwa domin kada ruwan da ya bi ta gona ko turke ya kwararo ciki, a killace shi saboda yara da dabbobi, a kuma shimfiɗa ragar inuwa a sama, wadda ke rage ƙafewar ruwa. Karfasa tana cin gansakuka, ana iya sakin 'yan kaɗan, amma idan aka shiga ba su abinci, abincin da kashinsu za su mayar da ruwan kore fiye da da. Wasu kan jefa kainuwa domin ta rufe saman ruwa. Tana yin inuwa, sai dai akwai wani sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta, saboda haka ba mu ba da shawarar a sa ta a ramin da ke kusa da gida ba.

Duk abin da aka faɗa a nan ya shafi ruwan ban-ruwa ne. Ruwan da za a sha yana da nasa ƙa'idojin. Manomin da ya ga ruwansa ya yi kamar fenti, ko dabbarsa ta kamu da ciwo bayan ta sha, ya ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ya kai wa malamin gona na hukumar NAMDA da ke kula da yankinsa, dabbar kuma a kai ta wurin likitan dabbobi a ranar.